Ciwon kai ana saura kwana huɗu Sallah

LITININ DA DADDARE

Maman Ilham, 9:42
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wa ta san maganin ciwon kai mai ƙarfi wanda ba ya sa barci? Yau kwana uku ƙeyata kamar an ɗora mini turmi. Na sha farasitamol, sai ya lafa ya dawo. Ba na son abin da zai kwantar da ni, ko cincin ban murza ba, labulen falo na jiƙe a baho, 'yan matan nan uku ko tsifa ba a yi musu ba.

Asabe mai ɗinki, 9:45
Wa alaikumus salam. Aika kyamis a sayo miki diclofenac. Ni shi nake sha safe da dare tun da watan nan ya kama, in ba don shi ba da tuni bayana ya rabu biyu a kan keke.

Sista Rabi, 9:47
Asabe, tsaya, zan dawo kanki. Maman Ilham, ba ke ce aka ɗora a kan maganin hawan jini bara ba? Yaushe rabonki da awo?

Maman Ilham, 9:55
Kai Sista, ba kya mantuwa. Ɗazu da la'asar na biya ta kyamis ɗin bakin layinmu, yaron ya ɗaura mini abin, ya ce 172 bisa 106. Amma daga Kwari nake fa. Tun ƙarfe goma nake cikin turmutsutsu ina neman yadin da Hajiyarmu ta ce sai irinsa, ga rana, ga masu adaidaita sahu sun ninka kuɗi. Kowa aka auna a wannan halin ai sai ya hau.

Sista Rabi, 9:56
Maganin fa?

Maman Ilham, 10:04
Na ajiye shi tun cikin azumi. Kumbura mini ƙafa yake yi, takalmi ma ba ya shiga. Da na bari kuma sai na ji ni garau, wata biyu da ɗoriya ba abin da ya same ni. In sha Allahu bayan Sallah zan koma asibiti, na yi alkawari.

Anti Laure, 10:06
Sannu 'yar nan. Ki dafa zoɓo ba sukari ki sha safe da yamma, ki riƙa haɗiyar tafarnuwa ƙwaya biyu kafin ki karya. Iyayenmu da shi suka rayu, ba su san wani bisa wani ba. Ƙwayoyin asibitin nan in ka fara ba ka bari, shi ya sa ni ban yarda an ɗora ni ba.

Sista Rabi, 10:13
Anti, Allah ya ƙara girma, bari in fara da mai ciwon, sai mu zo kan zoɓo.

Maman Ilham, ki amsa mini waɗannan yanzun nan. Kina ganin dishi-dishi? Ƙirjinki na ciwo, ko numfashi na yi miki wuya? Kina amai? Akwai hannu ko ƙafar da kika ji ta yi nauyi ko ta mutu? Ki tsaya gaban madubi ki yi murmushi, bakin ya karkace? Ki kira Ilham ki yi mata magana, ta ji harshenki na fita daidai? In ko ɗaya daga ciki akwai, ki tashi Abban Ilham ku nufi sashen gaggawa a daren nan, ba a rufe shi.

In babu, ki nemi na'ura a maƙwabta a sake aunawa. Ki zauna a kujera minti biyar tukuna, bayanki a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, kuma kada ki yi magana ana awon. A yi sau biyu, a ɗan ba da tazara. Gaskiyarki, rana da gajiya suna ɗaga shi. Amma daga 140 bisa 90 ake kiransa hawan jini, ke kuma an riga an tabbatar kina da shi. In muka ga 180 bisa 120 da ciwon kan nan, ba za ki kwana a gida ba.

Maman Ilham, 10:19
Babu ko ɗaya, sai ciwon kan da ɗan jiri in na miƙe. Mijin maƙwabciyata na da na'urar, na tura Abba.

Maman Ilham, 10:41
164 bisa 101. Na biyu 161 bisa 100.

Sista Rabi, 10:48
To kin gani. Kin yi wanka, kin huta, rana ta faɗi, bai sauka inda ya kamata ba. Gobe da sassafe asibiti.

Ki lissafa wannan bayan Sallar da kike faɗa. Juma'a hutu, Asabar, Lahadi, Litinin ma hutu. Ganin likita na yau da kullum sai Talata ta sama, kuma ranar layi sai ya kai bakin get. Kwana takwas ke nan, kuma a cikinsu ne za ki tsaya gaban kaskon suya, ki ci gishiri, ki rasa barci.

Kumburin ƙafar, in amlodipine aka ba ki, sanannen abu ne, yana yi wa mutane da yawa, mata ma ya fi yi mana. Likita zai iya rage shi ko ya canja ko ya haɗa miki da wani, magungunan ba ɗaya ba ne. Jin garau ɗin nan kuma shi ya fi ba ni tsoro. Yawancin masu hawan jini ba sa jin komai, yana can yana cin ƙoda da zuciya da jijiyoyin ƙwaƙwalwa shiru.

Anti Laure, 10:50
To zoɓon fa? Ko shi ma yanzu ya zama guba?

Sista Rabi, 10:55
Bai zama ba Anti. An yi bincike a kansa, yana ɗan saukar da jini, amma kaɗan. Ba zai ɗauko 164 ya dire shi a 130 ba. Ta sha mara sukari in tana so, ta faɗa wa likitanta tana sha, ta kuma haɗiye ƙwayarta. Batun iyayenmu kuwa, Anti, nawa ne aka ce sun faɗi a banɗaki, ɓarin jiki ya shanye, aka ɗora wa aljanu? Ba rashin ciwon ba ne a da, rashin na'urar ne.

Anti Laure, 10:57
Hmm. Ku 'yan boko komai sai kun sa masa lamba. Allah dai ya ba ta lafiya.

Maman Ilham, 11:06
Sista na ji, wallahi na ji, amma gobe ba za ta yiwu ba. Kun san Abban Ilham shi ne babba, Hajiya mahaifiyarsu a wurina take, gidanmu ake haɗuwa. Ƙannensa huɗu da matansu da yaransu, ga 'yan'uwan Hajiya daga ƙauye. Bara na daina ƙirga faranti a talatin. Raguna uku za a yanka bana. In na tashi ana saura kwana uku na ce ba ni da lafiya, me za a ce? Ta hango aiki ta kwanta. Shekarar da na haifi Abba ina jego aka faɗa, balle yanzu da ba a ganin ciwon a fuska.

Zulai, 11:09
Yaya, don Allah su facalan naki tun ɗaya ga wata hannunsu ke cikin lalle? Duk shekara labari ɗaya. Su iso da azahar sun sha kwalliya, su baje a falo, a miƙo musu hanta, su ƙulle nama a leda su shige mota, a bar ki da tukwane har ƙarfe ɗayan dare. Mazan kuma daga an yanka an wanke wuƙa shi ke nan, ibada ta kammala, sai tabarma da shayi. Ni da ni ce ke, gobe zan rufe kicin in sa makullin a jaka, kowa ya yi layyarsa a gidansa.

Hajiya Gambo, 11:15
Zulai, a hankali. Ba a gyara gidan wani daga Abuja ta waya. Ita ce za ta zauna da su bayan kin kashe data.

Zulai, 11:16
Allah ya huci zuciyarki Hajiya, amma ba ƙarya na yi ba.

Hajiya Gambo, 11:31
Ban ce kin yi ƙarya ba.

Maman Ilham, bari in ba ki labarin da ban cika bayarwa ba. Yayata, Allah ya jiƙanta, irinki ce sak. Uwargida, matar babban wa, komai a kanta. Wata Babbar Sallah tun jajiberi take cewa ƙeyarta. Ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, ta shafa man zafi, ta ci gaba. Na ce mu je a duba, ta ce mini Gambo wa zai tsaya a kan naman mutane? Washegarin Sallah muna bakin murhu, ina yanka tana juyawa, sai na ga matsamin ya suɓuce daga hannunta ya faɗa cikin mai. Na ɗago, tana so ta ce mini wani abu, harshen ya harɗe.

Abin da muka yi daga nan shi nake nema wa gafara har yau. Muka shimfiɗa mata tabarma a ɗaka, aka yi ta tofi, aka yi hayaƙi, aka ce a bari baƙi su ragu kada a ta da hankalin tsohuwa. Sai da gari ya waye aka kai ta. Shekara shida ta yi a kan gado, ni da 'yarta muke juya ta.

Kuma naman nan an soye shi tas. Waɗanda take cewa ba su iya ba, su suka soya. An ci, an raba, an kai gidan surukai, ba wanda ya ce ya ji bambanci.

Asabe mai ɗinki, 11:33
Innalillahi. Allah ya jiƙanta Hajiya.

Ummu Sadik, 11:33
Allah ya yi mata rahama, ya sa cutar ta zama kaffara.

Sista Rabi, 11:37
Amin. Ku riƙe wannan duka: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe, to mota ake nema a take. A yi tofin a cikin mota. Awannin farko su ne komai. Kuma kada a ɗura wa mutum ruwa ko rubutu a wannan halin, haɗiyarsa kan lalace, sai ya tafi huhu.

Malama Hadiza, 11:49
Allah ya jiƙan magabatanmu. Maman Ilham, ki bar ni in rage miki kaya ta fuskar addini, don mu mata mun iya ɗora wa kanmu abin da ba a ɗora mana ba. Lokacin yanka kwana uku ne, ranar Sallah bayan liman ya yanka, da kwana biyun da ke biye. Ba dole raguna ukun su faɗi rana ɗaya ba. A yanka ɗaya Juma'a, ɗaya Asabar, ɗaya Lahadi, ko ma kowane ƙane ya ɗauki nasa ya yanka a ƙofar gidansa, layya ta yi. Cincin da dubulan da sabon labule babu su a kowane babi na Risala. Kuma ya tabbata a Buhari Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abdullahi ɗan Amru jikinka yana da haƙƙi a kanka, alhali shi ibada ce ma yake tsananta wa kansa da ita, ba suya ba.

Maman Ilham, 11:58
Kun sa ni kuka. Zan je.

Hajiya Gambo, 12:00
Ƙarfe bakwai direba zai tsaya a ƙofarki. Ki ɗauki katinki da kwalin tsohon maganin. Kuma ki faɗa wa mijinki a daren nan, na san ba ki faɗa masa kin daina sha ba.

Zulai, 12:02
Ni na ɗauki kuɗin masu suya. Yaya ki nemo matan da ke aikin suya a gidan biki, ki turo mini lambar asusunsu. Ba da bakina kaɗai na iya faɗa ba.

Asabe mai ɗinki, 12:04
Turo mini 'yan matan gobe, mai kitso na zuwa gidana yi wa nawa, a haɗa.

Sista Rabi, 12:06
Yauwa Asabe, kin kawo kanki. Diclofenac safe da dare kwana nawa yanzu?

Asabe mai ɗinki, 12:09
Sista ki bar ni da abin da ya dame ni. Kaya arba'in da ɗaya suka rage mini, wuta sai ta ga dama, yarinyar da ke yi mini aikin hannu ta gudu garinsu. Wata ɗazu ta kawo leshi ta ce wai ko zuwa Laraba. Na ce mata ko zuwa Sallar baɗi dai.

Sista Rabi, 12:15
Na tausaya, amma shi da ibuprofen dangi ɗaya ne. Suna ɗaga jini, suna gajiyar da ƙoda, suna cin bangon ciki har ya yi gyambo, balle ke da na san sai goro da baƙin shayi kike wuni. Da Maman Ilham ta bi shawararki da kin ƙara mata a kan wanda take da shi. Ki dakata da shi haka, ki koma farasitamol, ki riƙa tashi daga keken duk awa kina miƙe baya, ki sha ruwa. In kika ji zafi a bakin ciki ko kika ga bayan gida ya yi baƙi, ki bar kayan mutane ki zo.

Asabe mai ɗinki, 12:16
Na ji. Ashe kashe ƙawata na so yi.

TALATA

Maman Ilham, 1:24
Na dawo. Alhamdu lillahi. Can ma 166 bisa 102. Likitan bai yi faɗa ba, shi ya fi ba ni kunya. Ya ce da na zo tun ranar da ƙafar ta kumbura da minti biyar ta ishe mu. An ɗebi jini na ƙoda, an gwada fitsari. Ya rage amlodipine ɗin zuwa miligiram 5, ya ƙara mini wani wai lisinopril, ya ce in dawo bayan sati biyu. Ya tambaye ni ko ina da ciki ko ina niyya, na ce likita ai Ilham ta isa aure.

Sista Rabi, 1:31
Madalla. Tambayar tasa da dalili, lisinopril ba na mai ciki ba ne sam, yana cutar da ɗan. Wasu kuma yana sa su busasshen tari. In ya same ki kada ki sake ajiye magani a kan durowa, ki koma ki faɗa. Kuma ba yau zai sauka ba, sai a hankali.

Hajiya Gambo, 1:33
Maigidan fa?

Maman Ilham, 1:44
Ya yi shiru ya fi minti biyar, sannan ya ce ashe wata biyu ina ba ki kuɗin magani kina sayen me? Na ce omo da man gyaɗa. Shi ya kira ƙannensa da kansa, ya ce bana kowa ya yanka a gidansa, a haɗu a ci abincin rana kawai. Biyu sun ce to. Ɗaya ya ce matarsa ba ta iya gyaran kayan ciki ba.

Zulai, 1:45
Shekara tara da aure. To bana za ta iya.

Maman Ilham, 1:52
Hajiya ce dai har yanzu ban gane mata ba. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta kuma ce su a zamaninsu da ciki wata tara suke daka. Ɗazu kuma na ji tana ce wa Abba ya rage ƙarar talabijin uwarsa na kwance.

Anti Laure, 1:55
To ai shi ke nan, ta sauko. Tsoho ba ya cewa na yarda, sai dai ki gani a aikace. Ku tambaye ni.

Amarya Fati, 2:10
Sannu Maman Ilham, Allah ya ƙara sauƙi. Sista don Allah ni ma tun jiya nake son tambaya ina jin nauyi. Wata bakwai ne yanzu, ƙafata na kumbura da yamma. Kuma Sallar farko ce a gidansu, an ce ni zan yi wainar safe.

Sista Rabi, 2:21
Ba kunya a nan ƙanwata. Kumburin ƙafa da yamma a wata bakwai yawanci ba komai ba ne, ki ɗora ta a kan filo. Wanda ba a wasa da shi shi ne na fuska da hannu, zobe ya ƙi fita, ko ciwon kai mai naci, ko ganin walƙiya-walƙiya, ko zafi a saman ciki ta dama. Bayan sati 20 jinin mai ciki in ya kai 140 bisa 90 sai an duba fitsarinta, don shi ne ke kaiwa ga jijjiga. Yaushe ne awonki?

Amarya Fati, 2:23
Alhamis ne, amma na ce ko in bari sai wani satin, ranar ce za a yi markaɗe.

Hajiya Gambo, 2:24
Ikon Allah. Jiya fa muka gama wannan maganar.

Sista Rabi, 2:29
Alhamis ki je, ƙanwar mijinki ta kai markaɗen. Abu biyu kuma. Na san amarya ake fara miƙa wa hanta, ki ɗan taɓa don kunya ki bar musu, bitamin A ɗinta ya yi wa mai ciki yawa. Kuma kada ki ci gashin da cikinsa ke da ja, sai wanda ya dahu sosai.

Ummu Sadik, 3:02
Ni ina karanta ku ina mamakin wahalar da kuke sha. Mu nan Maraɗi maza ke da wuta. A feɗe ragon, a buɗe shi, a soke shi a itace, a jera kewaye da wuta a ƙofar gida, su wuni suna juyawa. Mu namu kayan ciki ne. Sai washegari a sassare a raba. Ba na ce ba mu gajiya ba, amma ba mu tsayuwar kwana biyu gaban mai.

Zulai, 3:04
Ummu Sadik ku turo mana mazanku su buɗe makaranta a Kano.

Ummu Sadik, 3:07
Bana ko ragunanmu an hana fitarwa, balle maza.

Anti Laure, 3:12
Shi ya sa! Baban su ya je har Maigatari ranar Alhamis ɗin da ta wuce wai zai samu sauƙi, ya dawo da wani abu ban san ko rago ne ko ɗan akuya ba, ga kuɗin mota.

Maman Ilham, 4:40
Sista wata tambaya. Likita ya ce in rage gishiri. To naman Sallah in ba gishiri ai lalacewa zai yi, firji kuwa sunansa kabad a unguwarmu.

Sista Rabi, 4:52
Kada ki hana gida gishirinsu, ki ware naki tun kafin a zuba. A tafasa shi da albasa da citta da tafarnuwa da masoro da kanumfari, ki sa daddawa in kina so, a soya shi ya bushe, ki fara cinye shi. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne ƙasa da giram 5 na gishiri a rana ga babba, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma har da wanda ke ɓoye. Ki juya takardar dunƙulen da kike jefawa shida a tukunya, gishiri ne kan gaba a jerin abin da ke ciki. Yajin da ake barbaɗawa akwai shi, kanwa ma danginsa ce. Ba na ce kada ki ci naman layyarki ba. Tsoka kaɗan, ba kitse, ba kullum sau uku har sati biyu ba.

Anti Laure, 4:55
Tafarnuwata dai ta shiga.

LARABA

Maman Ilham, 8:15
Malama, gobe Arfa. Ban taɓa sha ba tun ina budurwa. In yi?

Malama Hadiza, 8:30
Falalarsa babba ce, kankarar zunubin shekarar da ta wuce da mai zuwa, kamar yadda ya zo a Muslim. Amma nafila ne, wanda ya bari ba laifi a kansa. Ko na Ramadan an yi wa mara lafiya rangwame. Sauran na Sista ne.

Sista Rabi, 8:41
Mai hawan jini da ya daidaita yana azumi lafiya, ya sha maganinsa da sahur ko bayan buɗa baki. Ke jiya aka canja miki magani, kina jiri, ga zafin nan. Ni dai da za ki bi tawa, bana ki bari.

Tunda an taɓo, masu ciwon sukari a gidajenku ku sa musu ido gobe, musamman masu allurar insulin ko glibenclamide. Rawar jiki, gumi, ruɗewa, ko na'urar awon sukari ta nuna ƙasa da 70, a karya nan take da abu mai zaƙi, ko saura minti goma a kira salla.

Anti Laure, 8:50
Wannan da Baban su kike. Zan karanta masa, in ya ga dama ya ji.

Sista Rabi, 8:51
Anti ke ma ki bari a ɗaura miki na'urar sau ɗaya mana.

Anti Laure, 8:52
Bayan Sallah.

Zulai, 8:52
Anti!

ALHAMIS

Amarya Fati, 12:37
Na je awo. 118 bisa 76, fitsari lafiya. An yi markaɗen ba ni, ya yi ruwa, amma an yi.

JUMA'A

Hajiya Gambo, 10:20
Barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana.

Ummu Sadik, 10:26
Amin Hajiya. A ci da mu.

Asabe mai ɗinki, 11:03
Barka da Sallah. Na gama talatin da takwas. Ukun da suka rage na kashe wayata, wadda ta san masu su ta ba su haƙuri. Ni da tsohuwar atamfa na je idi.

ASABAR DA DADDARE

Maman Ilham, 9:10
'Yan'uwa barkanmu da Sallah, sai yanzu na zauna. Ban ce ban yi komai ba, kada Sista ta tambaya. Na yi miyar taushe, na tsaya a kan rabon nama. Amma ban kusanci kasko ba. Matan da Zulai ta biya sun zo tun bakwai, kafin la'asar sun gama, har sun wanke wurin. Dubulan ɗin Hajiya Gambo ya iso, yara sun cinye rabi kafin baƙi. Labulen dai tsohon na mayar, ba wanda ya ɗaga kai ya kalla.

Facalata da ba ta iya kayan ciki ba ta zo da su a kula, tumbin da ɗan sauran ƙasa-ƙasa. Hajiya ta ci ta ce ba laifi. Ɗayar kuma ta same ni a ɗaki ta ce ita ma shekara biyu ke nan tana shan maganin, mijinta kaɗai ya sani. Muka zauna muna gwada kwalaye kamar masu gwada sarƙa.

Ciwon kan ya tafi tun Alhamis. Ɗazu 146 bisa 92.

Sista Rabi, 9:18
Yana hanya, bai iso ba. Kada tafiyar ciwon kan ta ruɗe ki. Talata ta sama ta wancan satin ina jiran lamba.

Zulai, 9:20
Baɗi ma haka za a yi ko sai kin sake rashin lafiya?

Maman Ilham, 9:26
Zulai ki bar ni in ga baɗin tukuna.

Anti Laure, 9:40
Sista Rabi, in na ce a ɗaura mini abin nan, hannun dama ake sawa ko hagu? Ba don komai ba, jikata ce ke tambaya.

Sista Rabi, 9:41
Ki ce wa jikar gobe bayan azahar ina nan tafe da na'urata, ta ajiye mini kai da ƙafa.

Maman Ilham, 9:47
Af, na manta. Babban matsami mai mariƙin katako da aka bari a gidana na wace ce? Masu suyar sun ce ba nasu ba ne.